Ramukan da Sunka Ƙi Tashi

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ya yi aikin fasa dutse a tsaunin da ke tsakanin kwarin Badaguishiri da hanyar Tajaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta iske ku lafiya, ku da iyali da duk waɗanda ke ci a ƙarƙashinku. Allah shi ƙara girma, shi tsare dukiya.

Damina uku ke nan rabona da gida, ta huɗu kuwa ga ta nan ta fara haɗa hadari a gabas. Sunana Idi Nomau. Ba'are ne ni, daga wani ƙauye can bayan Dogon Dutsi. Ba ku san fuskata ba, ban kuwa ga laifinku ba, don muna da yawa. Amma in an duba sunayen leburorin kariyer, wato ramin da munka riƙa fasa dutsen da anka shimfiɗa hanya da shi, za a iske ni cikin masu cusa nakiya. Aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Ni kaɗai na rage bisa tsaunin, ina gadin ramuka huɗu da ke cike da nakiyarku.

Na so maganar ga ta tsaya tsakanina da ku. Na kira waya, na aika saƙo ta bakin direbobi, ban samu amsar da za a riƙe ba. Shi ya sa na rubuta a fili. Ban ambaci sunan ƙauyen ba, ban kuma kwatanta wurin dalla-dalla ba, don a zamanin ga, kusa da iyaka, ba kowane kunne ya kamata ya ji inda nakiya take kwance ba. Ku dai kun san wurin.

Na ɗaya: alherin da na gani

Zan fara da gaskiyarku, kada a ce mai kuka ba ya tuna alheri. Duk zaman da na yi a shantiyenku, wato wurin aikinku, albashi bai taɓa shiga wani wata ba. Kun ba mu kaske, wato hular kwano, da bot na ƙafa da abin toshe kunne. Ranar da dutse ya murƙushe mini babban yatsan ƙafa, motar shantiye ce ta kai ni asibiti, ban fidda ko dala ba. Waɗannan ba ƙarya ba ne, ko gaban wa zan faɗe su.

Kuma a wurinku na koyi sana'a, hannun Shef Abdu, dattijon da ke da takardar izinin tada nakiya. Mutum ne mai tsanani, har muna zaginsa a ɓoye. In an fara cusa ramuka, ba mai matsowa da taba, ba mai matsowa da wayar salula. Da sandar itace ake danna toshiya, wanda ya kawo ƙarfe ya koma gida ranar. Kowace hanya da ke hawa tsaunin sai an tsaida mutum da jar tuta. A busa usur, a sake busawa, a sake. Bayan harbi kowa ya zauna inda yake sai lokacin da doka ta yanka ya cika, sannan shi kaɗai ya hau ya duba rami-rami, kafin ya ce hanya ta buɗe. In ya hango hadari, ko rabin ramuka anka cusa, kowa ya sauka. Dokarsa da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce, in rami ya ƙi tashi, ba a barin wurin sai an gama da shi. Duk tsawon zamansa ba a ɗauki gawa a kariyer ɗin nan ba, ko ta akuya.

Na biyu: harbin ƙarshe

Kafin aiki ya ƙare anka ɗauke Shef Abdu zuwa wani shantiye can arewa, anka kawo wani saurayi, Malam Yahuza. Takardarsa ta gaskiya ce, ba ta aro ba, kuma ya san aikinsa. Abin da bai samu ba tukuna shi ne nauyin bakin da zai ce wa shef na shantiye, mai kula da aikin duka, a'a.

Ranar harbin ƙarshe, nakiyar da ta rage ta fi abin da dutsen ke buƙata. Doka ta ce abin da ya rage a maida shi ma'ajiya da rakiyar jandarmomi, a cike takardu. Wannan yana cin kwanaki da kuɗin mota, ga kamyoyi, manyan motocin kaya, an riga an yi musu lodi, ga injin huda dutse ana jiransa wani wuri. Duk mai sana'ar ga ya san abin da ake yi in an matsu: a ƙara ramuka, a cusa duka, a harba, a rubuta ba saura. Haka anka yi. Anka ƙara jeri guda ta baya, cikin gaggawa, rana ta riga ta karkata.

Ko jerin ya fi ƙarfin na'urar da ke tura wuta ne, ko wani ƙullin waya ne bai kama ba, wannan ban sani ba, ba zan kuwa yi shaidar abin da ban sani ba. Abin da idona ya gani shi ne: da ƙura ta lafa, lokaci ya cika, ni da Malam Yahuza munka hau. A kusurwa ɗaya munka iske ramuka huɗu yadda munka bar su. Bakinsu a toshe, dutsen ko tsagewa bai yi ba, wayoyinsu ja da rawaya kwance lafiya lau. Biyu a fili suke, biyu baraguzai sun danne gefensu.

Malam Yahuza ya so a kwana a gama da su washegari. Na ji shi da kunnena yana faɗa. Shef na shantiye ya ce injin ba zai kwana ba, amma za a dawo da shi cikin mako guda. Sai Malam Yahuza ya durƙusa ya murɗe bakin wayoyin kowane rami wuri ɗaya, ya gargaɗe ni kada su rabu, kada kuma a ja su ko da wasa. Shef ya dube mu, ya ce wa zai tsaya. Duk sauran 'yan yankin ga ne, gonakinsu na jiransu. Ni ne baƙo, ni ne ba ni da inda zan ruga da yamman nan. Ya ba ni rabin buhun shinkafa, kuɗi jika goma na sefa, da naɗin jar leda irin wadda ake kewaye wurin hatsari da ita. Ya ce mako guda.

Lokacin nan ba a gama kai damman gero rumbu ba. An yi sanyi ya wuce, an yi azumi an yi salla, ga bazara tana ƙarewa.

Na uku: maganar waya

Ranka shi daɗe, wannan ita ce maganar da na fi so ku tsaya a kanta, don ita ce ta hana ni motsi.

Duk harbin da anka yi, guntayen waya na warwatsuwa cikin baraguzai. Ja, rawaya, shuɗi, jan ƙarfe a ciki, roba mai laushi a waje. Tun shekarar farko matan ƙauyen da ke gindin tsaunin sunka gane amfaninta. Da Shef Abdu ya ce hanya ta buɗe, sai ka gan su sun hau da kwanoni suna tsinta. Da ita suke ɗinke ƙwaryar da ta tsage, da ita suke yi wa faifai ado. Samarin Fulani na naɗe kan sandunansu da ita, 'yan kabu-kabu na naɗe madubin babur, masu lambu a kwari na ɗaure tumatir a jikin kara. Ranar kasuwar Badaguishiri akwai wadda ke baje ta bisa tabarma launi-launi, doguwa ta fi tsada. Ba wanda ya hana. Mu kanmu leburori mun sha musanya ta da nono. Shekaru munka yi muna koya wa mutanen ga, ba da baki ba, cewa waya mai launi kyauta ce daga kamfani. To yau, duk tsaunin nan ba wayar da ta kai waɗannan tsawo da kyau, kuma kowace ɗaya kanta yana cikin nakiya.

Akwai wata Dije, Bafulatana mai tallan nono, wadda rugarsu ke bayan tsaunin. Wata safiya na sauka rijiya ɗiban ruwa. Ina dawowa da jarka bisa kafaɗa na hango ta ta janye ƙayar da na sa bakin ramin, ta naɗe jar wayar nan a hannu, ta kafa ƙafa ɗaya jikin dutse, tana shirin fizga. Ban yi ihu ba, don na ji tsoron ta firgita ta ja. Na aje jarka, na riƙa kiran sunanta a hankali, ina haɗa ta da Allah da Annabi ta tsaya yadda take. Da na isa, da hannuna na warware wayar daga nata.

Kun san abin da ta yi? Dariya. Ai mu Arawa da Fulani taubasai ne, tun kakanni wasa ke tsakaninmu, ba a riƙe maganar juna da zafi. Ta ce yaushe bawanta ya yi dukiyar da zai hana uwargijiyarsa taɓawa. Ta ce marowacin Ba'are ya ɓoye waya yana jiran ta yi tsada. Na rantse mata abin da ke ƙasan nan zai iya tashi da ita da ni da ƙwaryar nononta, ta ce in da gaske ne ai da ni na fara gudu, don ba ta taɓa ganin Ba'aren da ya tsaya wurin tsoro ba. Ta zuba mini nono a kwano, ta ce in sha in huce, ta tafi tana juyowa tana mini gwalo.

Haka nake fama da samarinsu. In na ce su kau da shanu daga kusurwar nan, sai su ce dodon kakana na binne ina ba shi hura. In na ɗaure fuska su ce wasan ya yi daɗi. In na ɗauki sanda su ɗauki tasu suna tsalle suna dariya. Ban ga laifinsu ba. A wurinsu, duk abin da ya fito bakin Ba'are zuwa ga Bafulatani tsokana ce, kuma ba su taɓa ganin waya ta kashe kowa ba. Shef da ya zaɓe ni bai yi wannan tunanin ba, ni ma ban yi ba. Da Bagobiri ko Ba'adare anka bari, wataƙila da sun ji maganarsa tun farko.

Sai da maigari ya kira ardo ya zaunar da shi sannan mutanen rugar Dije sunka fara yarda, ita ma yanzu daga nesa take tsayawa ta tsokane ni. Amma makiyaya ba su ƙarewa. Kowane mako sai sababbi sun ratso, wasu daga tsallaken iyaka, ba su ji sanarwar kowa ba. Da sun ji harshena sun gane ko ni wane ne, sai wasa ya tashi sabo.

Na huɗu: abin da na yi iyakar ƙarfina

Jar ledar da shef ya ba ni ba ta yi kwana uku ba. Na gan ta daga baya a wani lambu tana korar tsuntsaye. Sai na je kasuwa na sayi tanu biyu, wato gangunan ƙarfe, da kuɗina, maƙeri ya raba mini kowace biyu, na kife bisa ramukan, na kewaye da ƙaya. Hankalina ya ɗan kwanta, har na koma zuwa Juma'a. Wata Juma'ar ina dawowa na iske masu sayen tsohon ƙarfe sun bi da babur mai ƙafa uku sun kwashe duka huɗun. Wajen janyewa sun ja wayar rami ɗaya har ƙullinta ya kwance. Allah ne kaɗai ya tsare su, ba su ma san an tsare su ba. Tun ranar ban sake zuwa Juma'a ba. Na aika anka tambayar mini liman, ya ce uzurina karɓaɓɓe ne. Na gode masa, amma mutum ya ji kiran salla yana tasowa daga kwari, yana zaune shi kaɗai yana kallon ƙaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maigari ya yi nasa. Ya sa an faɗa a masallaci, ya sa mai shela ya zaga kasuwa. Jandarmomi sun zo, sun duba daga nesa, sun rubuta, sun gaya mini gaskiya: kada kowa ya taɓa, izinin nakiyar da sunan kamfani yake, mai takarda ne kaɗai ke da ikon gamawa da ita, kuma za su isar da magana. Na yarda sun isar.

Malam Yahuza ya riƙa ɗaukar wayata watannin farko, yana cewa yana ta tuna musu. Daga baya ya gaya mini ya bar kamfanin, ya roƙe ni gafara, muryarsa ba daɗi. Shef na shantiye kuwa amsarsa uku ce yake juyawa: gobe, sai Alhaji ya dawo, injin ya lalace. Gab da azumi wani direban kamyo ya kawo mini jika biyar, ya ce in ji shef. Daga nan waya ta koma ƙara kawai ba mai ɗauka. Ina kyautata zaton maganar ba ta taɓa isa kunnenku ba, don abin da anka rubuta a takarda shi ne an harba duka, ba saura. In haka ne, to yau ta isa.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Wani ya ce in tara kara in cinna wuta bisa ramukan in gudu. Wani ya ce in ɗura musu ruwa har su mutu. Ruwa na iya lalata wani sashe, amma abin da ke tada ita yana nan da ransa, haka Shef Abdu ya koya mana. Wani mai ginar rijiya ya zo har sau biyu da dagi, yana son in bar shi ya tono abin ya yi aikin rijiya da shi, har ya sa mini kuɗi. Na kore shi. Wani kuma ya zo bisa babur, ban san shi ba, bai faɗi sunansa ba, ya yi ta tambayar yawan abin da ke ciki. Na ce ban sani ba. Na gaya wa maigari ranar. Ku auna, ranka shi daɗe: in abin nan ya fita daga ramin ya faɗa hannun da bai kamata ba, sunan wa za a fara kira? Wanda kowa ya gani zaune bakinsa wata da watanni.

Na biyar: ruwa na tafe

Kariyer ɗin nan tafki ne da damina. Bara da ya cika, tun hantsi har la'asar shanu da raƙuma ba su yankewa, mata na wanki, yara na iyo. Gangaren da dabbobi ke bi su sauka ga ruwa kuwa ta gefen kusurwar nan ya bi. Garke guda in ya ji ƙamshin ruwa, ƙaya ba ta tsaida shi, mutum ɗaya da sanda ba ya tsaida shi. Ga kuma tsawa. Shef Abdu ba ya yarda mutum ya tsaya kusa da cusasshen rami in ana walƙiya. Ni kuwa in hadari ya taso, in na sauka na bar wurin ba mai tsaro, in na tsaya na saɓa dokar da anka koya mini. Shekaranjiya an yi iska da ɗan yayyafi. Na rasa wanne zan yi, na tsaya rabin gangare ina kallon sama ina kallon ƙaya har ya wuce.

Ruwan nan da nake tsoro, shi ne kuma ake jira a gida. Yayana Mamman ne ya riƙe mini gona damina uku. Bana bayansa ya kama, ya aiko cewa in ban zo kafin shuka ba zai ba da ita aro, kuma kun san gonar da ta daɗe hannun aro yadda take wuyar dawowa. Matata Hajo ta bar tambayata yaushe. Tana gaishe ni, ta ce yara lafiya, shi ke nan. Na bar ta da ciki. Yaron yanzu yana gudu yana magana, ban taɓa ɗaukarsa ba. Wani ɗan garinmu da ke lodin siminti a Malbaza ya nema mini wuri sau biyu, sau biyu ina cewa a ba wani.

Ba wanda ya ɗaure ni, wannan gaskiya ce. Ba a riƙe mini takarda ba, ba a sa mini mai gadi ba. Bayan salla na taɓa ɗaure kayana, na ce na gaji, wanda ya ajiye abinsa ya zo ya tsare. Na sauka har bakin kwalta. Mota ta tsaya, karen mota ya karɓi buhuna ya jefa bisa. Ƙafata ɗaya na ciki na waiga, sai ga wani garke yana hawa tsaunin, mai kora na baya yana waƙa. Na ce a sauko mini da buhu. Direba ya zage ni, fasinjoji sunka yi ta dariya. Na hau da gudu da wannan yatsan nawa da bai gama warkewa ba. Da hannuna na cusa ramukan nan, ranka shi daɗe. In na tafi anka ce mini sun tashi da wani, ban san gonar da zan noma in ci abincinta ya zauna mini ba.

Abin da nake roƙo

Ɗaya, ku turo mai takardar izini da injin da ya kamata, a gama da ramukan nan kafin ruwa ya sauka. In da hali a turo Shef Abdu. Zan nuna su ɗaya bayan ɗaya, da wanda ƙullinsa ya taɓa kwancewa. Aikin yini guda ne. In an gama, ba ni da sauran magana da tsaunin nan.

Biyu, in zai ɗauki kwanaki, ku turo shingen waya mai ƙarfi da mutum na biyu, mu riƙa karɓar juna. A nemo wanda ba taubashin Fulani ba.

Uku, a duk shantiyen da kuke da shi, a riƙa tsince guntayen waya bayan kowane harbi a ƙulle su, kada a bar su su zama abin kasuwa. A tara mutanen ƙauye tun ranar farko, da matansu da makiyayansu, a gaya musu da harshen da suke ji.

Huɗu, a bar al'adar cusa ragowar nakiya don gudun maida ta ma'ajiya. Kuma a ba samari masu takarda irin Malam Yahuza ikon su ce ba a tashi, ba tare da sun ji tsoron rasa aiki ba. Kada a nemo shi a ɗora masa abin nan. Ya faɗi gaskiya ranar, ba a ji ba.

Biyar, hakkina na watannin ga na bar shi tsakaninku da Allah. Kada lissafinsa ya jinkirta zuwan injin ko da yini ɗaya.

Ga duk wanda ya ji wannan takarda kuma, manomi ko makiyayi ko mai lambu, a ƙasar Illela ko Malbaza ko Ƙonni: in ka ga waya mai launi ta fito daga cikin dutse, kada ka ja. Ba wasa nake ba.

Alhaji, ban rubuta don in zubar muku da mutunci ba. Na ci abincinku, ban manta ba. Allah shi ƙara muku lafiya da buɗi, shi raba ku da alhakin rai, shi sa ku gama da duniya lafiya. Allah shi tsare mutanen ƙauyen ga da dabbobinsu, shi ba mu damina mai albarka.

Don kada wani ya zaci kuɗi nake nema da takardar ga, ga abin da na tara bayan wanda na aika gida anka ci: jika talatin da huɗu ƙulle a leda, turmin atamfa ɗaya, fitila mai cajin rana, da takalmin yaro ƙafa ɗaya da na saya bisa ƙiyasi. Kaske da bot naku ne, suna nan in kuna so. Kuɗin mota daga nan zuwa ƙauyenmu jika takwas ne. Kun ga ke nan ba kuɗin mota ya tsare ni ba.

Wassalam.

Naku,
Idi Nomau,
leburan cusa nakiya, daga bisa tsauni.